Malama Usur da Tseren da Aka Yi Ba Su

A makarantar kwana ta 'yan mata inda take koyar da wasanni, ba mai kiranta da sunanta na yanka. Malama Usur ake ce mata, saboda usur ɗin da ke rataye a wuyanta ko kasuwa za ta. 'Yar tela ce, ta tashi a gida mai yawan 'ya'ya, kuma tun tana ƙarama ita ake aika in ana son abu da gaggawa. Mahaifiyarta kan ce, "Wannan yarinya ba ƙafa gare ta ba, taya ce." Ta yi tsere a makaranta har ta ciyo kofi, sai gwiwa ta goce mata a shekarar ƙarshe, gudu ya ƙare. Da ta gama karatun malanta sai ta ce abin da ƙafarta ta kasa, ƙafar wasu za ta yi shi.

Ashe ba ta san inda aka kawo ta ba. Filin wasan yana bayan kicin, rabinsa ƙaya, rabi kuma nan masu girki ke kife tukwane da zubar da toka. Ƙwallaye suna sito, mabuɗi yana aljihun mai sito, shi kuma kullum "yanzu-yanzu ya fita". Darasinta kuwa gonar kowa ce. Malamin lissafi in bai gama ba sai ya leƙo: "Malama, ara mini lokacinki mana, ai wasa ne kawai." Yaran ma ba su rage mata zafi ba. Tana busa usur sai ciwon ciki ya kama rabin aji, su jeru a inuwa suna yi wa juna kitso. Amma a buga ƙararrawar abinci ka ga marasa lafiya sun warke.

A gudun abincin nan ne ta ga yarinyar. Wata siririya ce 'yar babban aji, ta fito daga ɗakin kwana na can ƙarshe da kwano a hannu, ta wuce kowa kamar an harbo ta, ta iso layi ko haki ba ta yi. Malama ta tare ta.

"Ke, wa ya koya miki gudu?"

"Yunwa, Malama."

Ƙawayenta Walƙiya suke ce mata. Daga ranar Malama ta riƙe ta tare da wasu 'yan kaɗan masu ƙafa. Da hannunta ta share ƙayar, ta roƙi toka a kicin ta ja layi. Kullum da yamma, sauran yara na wanki da guga, su suna zagaye. Mijinta bakanike ne, mutum mai sanyin hali. In ta dawo da ƙaya a zani sai ya ce, "Uwargida, ko dai aikin noma suka ɗauke ki?"

Sai labari ya zo cewa za a yi gasar tsere ta makarantu a babban filin wasa na birni. Malama ta yi ta sintiri a ofishin shugabar makaranta har ta amince, ta ce a ba su motar makaranta. Ana saura kwana kaɗan ta sake komawa ta tuna mata. "Malama, na ce an ba ku. Ko sai na rantse?"

Ranar tafiya tun da sassafe yaran suka fito cikin kayan wasa, an goge su har suna ƙyalli, kowace da gorar ruwanta. Suka tsaya inda ake ajiye motar. Ba mota, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Maigadi, wani dattijo mai sanda, shi ya gaya mata cewa mataimakin shugaba ya tura direba kasuwa ɗauko buhunan abinci, ya ce ba zai daɗe ba.

Rana ta ɗaga, inuwa ta gudu ta bar su. Ta kira direba, ya ce ana lodi. Ta sake kira, ya ce taya ta yi faci. Da ta kira na uku wayar a kashe take. Sai ta kira mijinta. Nan take ya ari motar wani abokin aikinsa ya taho, hannunsa duk mai.

Nan kuma maigadi ya tsaya a ƙofa.

"Malama, ki gafarce ni. 'Ya'yan mutane ba sa fita a motar da ba ta makaranta ba sai Shugaba ta ce."

"Baba, ka san ni, ka san mijina. Shi ya gyara maka keke."

"Na san shi, Allah ya saka masa. Amma in wani abu ya faru, ni za a kama, ba keken ba."

Shugaba kuwa tana wani taro a gari, wayarta na ta ƙara ba ta ɗauka. Malama ta yi ta kai da kawo a bakin ƙofa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Da ƙyar aka same ta bayan an fito shan iska. "Au, ba ku tafi ba? To me kuke jira?" Malama ta ciji leɓe ta ce, "Ba komai, ranki ya daɗe."

Suna shiga filin wasan ana tafa wa wadda ta ci gajeren tsere, wanda Walƙiya ta yi wata da watanni tana shiri dominsa. Malama ta ruga wajen alƙalai ta roƙa, ta yi bayani, har ta kusa durƙusawa. Babbansu ya ce, "Malama, wa ya taɓa maido da ruwan da ya zube? Dogon tsere ne ya rage. In tana so ta shiga."

Walƙiya ba ta taɓa gwada dogon tsere ba, amma ta ce za ta shiga. Malama ta riƙe kafaɗunta. "Ki bi a hankali, ki ajiye ƙarfinki sai ƙarshe. Kin ji ni?" Ta ce ta ji. Ana busa usur ta fita kamar an buga ƙararrawar abinci. A zagayen farko ta ba sauran rata mai yawa, filin ya ɗauki ihu, har wani ya tambayi Malama daga ina wannan take. A na biyu ƙafarta ta fara nauyi. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce ta. Ta iso kusan ta ƙarshe, ta zube a ciyawa tana kuka, tana cewa, "Malama, ki yafe mini." Malama ta ɗaga ta ta ce mata ba ita ce ke da laifi ba.

A hanyar dawowa mijin ya tsaya ya saya wa yaran ruwan sanyi. Kafin a yi nisa sun manta. Suna waƙa, suna nuna dogayen gine-gine, suna gardama kan wace makaranta ce ta fi kyawun riga. Har Walƙiya ta sa baki. Malama dai tana gaba ta juya fuska waje. Da suka iso suka tarar da motar makaranta a wurinta, an wanke ta tas.

A taron safe Shugaba ta ce makaranta ta halarci gasa lafiya ta dawo lafiya, kuma halarta ita ce babbar nasara. Aka yi tafi. Malamin lissafi ya matso ya ce, "Barka, Malama." Ba ta san lokacin da ta bar wurin ba.

Walƙiya ta gama a ƙarshen shekarar ta tafi karatun jinya, ba ta sake tsere ba. Malama ta ce wa mijinta ita kam ta gaji, za ta nemi a sauya mata makaranta. Ya ce to. Ba ta nema ba. Da aka dawo hutu ta tarar an kafa turaku a filin da ta share, wai za a gina ɗakin taro. Ta tsaya ta kalle su, sannan ta kwashi sababbin yaranta ta kai su lungun da ke tsakanin ɗakunan kwana, inda ake shanya. Mai kula da ɗakunan ta fito tana faɗa, ta ce za su zubar mata da zannuwan gado a ƙasa. Malama ta ce, "Yi haƙuri, Yaya, kama mini can." Suka kwance igiyoyin tare suka matsar da su jikin bango, matar na ta mita har suka gama.