Mikail Sitedi

A Kabara ba wanda yake kiran Mikail da sunan mahaifinsa. Mikail Sitedi ake ce masa, saboda kalmar da yake faɗa duk sanda zai ɗauki mutum hoto. Ni wankin hula nake yi, rumfata tana jikin shagonsa, a nan na ji kalmar har ta zauna mini.

Bai yi boko ba. A Sabon Gari ya koyi aikin wajen wani Bayarabe, ya dawo da kyamara a wuya da Turanci a baki. Gilashin gaban kyamara lens, hasken da ke walƙiya filas. In hoto ya fito dishi-dishi sai ya ce fokas ne ya gudu. Sitedi kuwa, ya sha gaya mana ma'anarta kada ka motsa. Amma mutanen unguwa sun riga sun yi tasu fassarar: ɗauke numfashi. Da ya faɗa sai ka ga dattijo ya kumbura ƙirji, ido waje.

"Baba Ɗanjuma, ba nutso na ce ka yi ba," in ji Mikail.

"Kai dai danna kafin in shiɗe."

Shi mai cewa sitedin bai iya zama ba. Yanzu yana gidan suna a Dala, an jima yana wajen saukar karatu a Ƙofar Dawanau. Ko shayi a tsaye yake sha. Da wayoyi suka cinye kasuwar bai bar yawon ba, ya sayi kyamarar zamani mai nuna hoto a bayanta. Sai da tsufa ya kawo masa rawar hannu sannan aka daina kiransa.

Matarsa Hajo ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba. Cewa take ba za ta tsaya miji yana ƙare mata kallo ta cikin gilashi ba. Bara, da aka sa ranar da za a yi mata aiki a asibiti, ita da kanta ta nema. Ta ce in ba ta dawo ba, a sami abin nuna wa jikoki. 'Ya'yanta suka zaro wayoyi, ta ce su mayar. Malam ne zai ɗauka, ko a bari.

Mikail ya daina cin abinci. Ya gwada ɗaukar hulunana da na shanya, duk suka fito kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Ya ce lens ne, ya kai gyara. Ya dawo ya ce batir ne. Ya aro wa kyamarar maɗori mai ƙafa uku, amma da yatsansa ya taɓa madanni sai komai ya girgiza. Ya shiga shago, ya fito, ya sake shiga.

"Fokas ne," ya ce da ni.

"To, Allah ya dawo da shi," na ce. Ban kalli hannunsa ba.

Ana gobe za a kwantar da ita, ya kira ni soron gidansa in riƙe labulen da za a sa a bayanta. Hajo ta fito da mayafi ruwan toka, ta zauna a kujera. Ya ɗauka, ya duba, ya goge. Ya matsa gaba, ya ja baya, ya buɗe ƙofa don haske, ya rufe. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Kalmar tasa ma ya manta bai faɗa ba.

"Malam, bayana ya fara ciwo," in ji Hajo.

"Saura kaɗan."

"Tun ɗazu kake kai da kawo kamar mai neman allura. Tsaya nan." Ya tsaya. Ta dube shi ta cikin gilashin nan da ta daɗe tana gudu, ta ce, "Sitedi."

Ina kallo Mikail ya kumbura ƙirji irin na Baba Ɗanjuma, ya ɗauke numfashi. Kafaɗunsa suka tsaya, hannun ya lafa. Ya danna.

Ya daɗe yana duban bayan kyamarar, sannan ya miƙo mini. Komai ya fito, har zaren bakin mayafinta. Leɓenta bai gama rufuwa daga kalmar ba.

"Bakinki a buɗe yake," ya ce. "Bari mu sake."

"Sau ɗaya na ce," in ji ta, ta dafa kujera ta tashi.

Mikail ya zauna a kujerar da ta bari, kyamarar a cinyarsa. Har na naɗe labulen na fita bai motsa ba.