Hular da ta karkace

Jiya na ji ƙarar usur daga filin makarantar garinmu, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tsohon ɗan sanda ne. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya riƙa tara samari masu son shiga aikin ɗamara yana koya musu fareti da gudu, tun raɓa ba ta bushe a ganyen masara ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Duk wanda ka tsayar, fara gaishe shi. Kaki ba ya cire tarbiyya."

Ranar da ciwonsa ya tsananta, na goyo shi a babur za mu asibiti a Funtua, jikinsa zafi rau a bayana. A wani shingen bincike aka tsayar da mu. Ashe jami'in da ya tsayar da mu ɗaya daga cikin samarinsa ne, wanda ya riƙa shan kokon gidanmu bayan kowane atisaye. Har na saki raina.

Bai gaishe mu ba. Ya kau da kai ya ce, "Malam, ku sauka ku tura babur kamar kowa."

Na ce, "Kawu ne fa! Ba ya iya tsayuwa."

Ya ce, "Na gani."

Kawu ya sauka da ƙyar, ya dube shi ya ce, "Ɗana, gyara hularka, ta karkace."

A wannan ciwon ya rasu. Ni dai har yau ban yafe ba. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa mala'iku su tarbe ka da gaisuwar da aka hana ka a hanya.