Ajiyar Fursunan Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka tsakanina da Baba sai gaisuwa da aike. Bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa zama na ce ya ba ni labari ba. Da na zama shugaban makarantar firamare a Moriki ya samu sauƙi, ya koma ce mini Malam.

Abin da na sani kawai shi ne ya yi sojan Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, an kai su Habasha sun yaƙi mutanen Italiya, ya kuma dawo da lamba. Farar lamba ce ta azurfa mai shuɗin ƙyalle, tana cikin gwangwanin taba a ƙasan adakarsa. Duk jajibirin babbar Sallah sai ya fito da ita, ya goge da toka da lemun tsami, ya mayar. Bai taɓa rataya ta ba. Ni kuwa na rataya ta a bakina tun ina aji uku. Babu abokin da ban cika wa kunne da jaruntar Baba ba, kuma duk shekara yawan abokan gaban da ya kora yana ƙaruwa.

Da aka ba mu jihar Zamfara, aka zo aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki zafi irin na murna. Ko'ina wa'azi, ko'ina zancen amana da haƙƙin mutane. A cikin wannan yanayin aka ce za a tara tsofaffin sojoji a Zurmi a karrama su. Ranar da na ji, ko abincin rana ban tsaya ci ba. Na sa aka ɗinka wa Baba farar riga, na riga na zaɓi inda lambar za ta zauna a ƙirjinsa. Abu ɗaya ya rage mini: rubutun da ke jikinta ba Turancin da na sani ba ne, ni kuma ina so in miƙe a gaban jama'a in fassara shi.

Sai wani direba ya gaya mini akwai Bature ɗan Italiya cikin injiniyoyin da ke aikin hanya a Kaura Namoda. Ban ma tsaya na tambayi kaina me ya haɗa lambar sojan Ingila da Italiya ba, na dai ji Bature ne, na ce zai iya karantawa. Na aika ƙanwata ta nemar mini aron lambar. Ta dawo tana dariya, wai Baba ya ce da shi za a je. Mutumin da ya shekara bai wuce masallacin unguwa ba, sai ga shi tun da hantsi ya riga ni shiga mota, gwangwanin a aljihu, ya kuma jawo limaminmu da wani tsohon abokinsa. Na ce a raina, to, yau Baba ma ya yarda a yi taƙama.

Mun sami Baturen a ƙarƙashin rumfar kwano, jajir da shi saboda rana. Yana ganin abin da Baba ya zazzage a tafin hannu ya miƙe tsaye ya cire hularsa. Zuciyata ta yi fari tas. Ya fara bayani da Turanci ina juyawa da Hausa. Ya ce wannan lambar jarunta ce ta ƙasarsu. Wani sarkinsu ne ya ƙirƙiro ta tun kafin Italiya ta haɗu ta zama ƙasa ɗaya, shuɗin ƙyallen ma launin gidan sarautar ne. Da farko ta zinariya ce da ta azurfa, daga baya aka ƙara ta tagulla. Ba a bayar da ita don daɗewa a aiki ko don girman muƙami. Sai mutum ya yi wani abu guda wanda ya jefa ransa cikin haɗari, fiye da abin da aka wajabta masa, an gani an shaida, an rubuta an aika sama an bincika.

Ina fassarawa ina ƙara gishiri, har ya juya bayanta ya karanta sunan mai ita. Sunan wani ɗan Italiya ne. Na sa ya maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da cewa sojan Ingila ba zai samu wannan a wancan yaƙin ba, tunda su ake yaƙa.

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Shekara arba'in da wani abu ina cika baki da lambar abokan gaba! Na daina fassarawa, sai Baba ya dubi liman, kamar yadda ya saba in zai yi magana da ni.

"Mi yac ce?"

"Ya ce ba taka ba ce, Baba."

"To wa yac ce tawa ta? Ajiya ta."

A nan, a gaban baƙo, na ji labarin karo na farko. Bayan an ci wani gari, an ba su fursunoni su kora zuwa inda motoci suke. Ɗaya yana da rauni a cinya, ya faɗi ya kasa tashi, aka ce a wuce. Baba ya ba shi sauran ruwan gorarsa, ya goya shi har wurin mota. Da za a ɗora shi sai ya ciro abin nan ya danƙa masa a hannu, ya yi wata magana, mota ta tashi.

"Ban ji yarenai ba," in ji Baba. "Ban sani ba ko kyauta ta ko riƙo. Tunda ban sani ba, ban da ikon sa ta. Yanzu ga shi kullum ana wa'azin amana, ni kuwa na kusa. Ba ni son in tashi gaban Allah da kayan mutane."

Sai lokacin na gane dalilin zuwan liman da abokin nasa. Shaidu ya kawo.

Na yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Baturen ai kyauta ce, ko ba haka ba? Ya ce shi ma haka yake gani. Na juya wa Baba da murna. Ya ce Baturen bai je wurin ba. Na roƙa a bari ko zuwa bayan taron Zurmi, sati biyu kacal. Baba bai ko kalle ni ba. Ya sa Baturen ya yi alkawarin neman mutumin ko iyalinsa in ya koma gida, liman ya shaida, aka miƙa lambar har da gwangwanin.

Mun taso ke nan Baba ya tsaya, ya ce a sake faɗa masa sharaɗin samun ta azurfar. Na sake faɗa, wannan karon ban ƙara komai ba. Ya jinjina kai, fuskarsa ta washe.

"Ashe namiji nig goya," ya ce.

A hanyar komawa ban taɓa ganinsa haka ba. Ya sa aka tsaya ya sayi rake, ya rera waƙar maci ta soja yana buga sanda a ƙasan mota, liman na ta dariya. Ni kaɗai na kumbura a gefe.

Ranar taron ya sa farar rigar ba komai a ƙirjinta. Da aka ce wani daga iyali ya yi magana, na miƙe na faɗi labarin gorar ruwa da goyon, daidai yadda na ji shi. Ban san ko an tafa ba, don idona ya cika. Da muka fito, Baba ya miƙo mini sandarsa ya dafa kafaɗata a madadinta, muka taka har tasha a haka.