Kwalba a Haɓar Zanin Dije

Duk Sheshe an san Hajiya Dije da alkaki. Tun tana amarya take tuya, har ta kai ba a haɗa gara a unguwar sai da hannunta a ciki. Abin takaici, ciwon suga ya raba ta da ɗanɗana abin da take tsomawa a zuma, ya kuma haɗa ta da allura safe da yamma, ita da ta tsani allura tun ƙuruciya. A gindin randa take ajiye maganin, cikin jiƙaƙƙen yashi, don wutar lantarki ba abar dogaro ba ce.

Autarta Safiya tana bincike a jami'a, kuma wannan allurar ce ta sa ta zaɓi aikin. Wani ruwa take haɗawa wanda yake gudana a sanyi, amma da ya ji ɗumin jiki sai ya daskare a ƙarƙashin fata, ya riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan har ya narke ya ɓace. Allura ɗaya sai ta ɗauki mutum kwanaki. Dije ta sha jin bayanin tana gyaɗa kai, hankalinta na kan kasko.

Ran nan firjin ɗakin binciken ya lalace, Safiya ta zo da wata 'yar kwalba ta binne a yashin randa. "Umma, wahalar watannina ce wannan," ta ce, ta fita neman ƙanƙara.

Gidan kuwa cike yake da masu karɓar alkakin biki, kowa sai zarya yake wajen randa da moɗa. A wurin Dije abu mai daraja ba ya zama a ƙasa. Ta ƙulle kwalbar a haɓar zani, ta soke a ƙugu inda mukullin ɗakinta yake, ta koma bakin murhu.

Da Safiya ta dawo aka kwance ƙullin, sai ga ruwan ya kame kamar koko ya huce. Dije ta dubi 'yarta.

"Na kashe miki aiki ko, Auta?"

Safiya ta miƙa hannu ta karɓa. Ta tura kwalbar cikin ƙanƙara, suka zuba mata ido. Can ta karkata ta, ruwan ya gangara. Ta yi ajiyar zuciya.

"Bai lalace ba, Umma. Ɗuminki ya ji. Aikinsa ke nan."

Sai a ranar Dije ta gane abin da yarinyar take yi, kuma ta yi kwaɗayinsa ƙwarai. "To yaushe za a yi min?"

"Da sauran shekaru. Ko a jikin ɓera ba a gwada ba tukuna."

Dije ta lissafa shekarunta a zuci. Yamma ta yi, ta ɗauko allurarta, ta ɗaga riga tana laluben inda bai yi tabo ba.

"Ko ban kai ba," ta ce, "ki gaya musu a jikina ya fara kamewa."