Ranar da Na Ƙi Gadin Kula a Bakin Rami

Ban zo China don gadin jakar kowa ba. Na faɗa a bakin ƙofa, na faɗa a mota, yanzu ga shi a rubuce. Da girmana na shiga makarantar manya na koyi riƙe biro, ba zan bar shi ya bushe ba.

Mun tashi da asuba daga Dengfeng, unguwar da muke kama ɗaki in mun zo sari Guangzhou. Bas cike da 'yan kasuwa, mata mu biyu ne kawai, ni da wata Hajiya 'yar Damagaram mai sarin mayafai. Ni wandunan jins nake ɗauka a Xintang, an riga an ɗaure min diloli, sai aka ce a je a ga wani lambu da ke cikin rami kafin kowa ya kama hanyar gida. Jagoranmu wani Alhaji ne ɗan Kano, shi ke kai mana kaya kago, wato wurin masu aikawa ta jirgi. Shi ne kuma ya sa aka dafo mana shinkafa da miyar kaji a wata ƙatuwar kula.

Muka bar dogayen benaye muka hau titi sumul, ba gargada ko ɗaya. Na ce da Hajiya, wataƙila ramukan titinsu ne suka tara wuri guda, shi za a nuna mana. Gonakin ayaba, tafkunan kifi, can sai duwatsu suka fara tsirowa ɗaiɗai kamar an kife turame. Kuɗin shiga bai kai na kwanon abinci a Dengfeng ba.

To, ga al'adarmu a nan. Duk inda aka je, kasuwa ce ko sito, sai a tara jakunkuna a gaban mace a ce, “Hajiya, ɗan duba mana.” Maza su shiga, su fito su ba ki labari. Na sha yi. Muna isa ƙofa kuwa jakunkuna suka fara sauka a gabana.

Alhaji ya dube ni ya ce, “Hajiya, matakalar da yawa, ga gwiwa. Ku zauna da kula, ma ɗauko muku hoto.”

Na ce, “Alhaji, gwiwata ce ta kawo maka ƙara? Kowa ya ɗauki kayansa.”

Suka ɗauka suna ƙunƙuni. Kular ce ba wanda ya taɓa, wai namiji ba ya yawo da kula. Alhaji ya dire ta a gindin bishiya ya ce ai nan za mu dawo. Hajiyar Damagaram ta dubi kula, ta dube ni, ta gyara zani ta biyo ni.

Jama'a, ramin nan ba mutum ya haƙa shi ba. Farin dutse ne, irin wanda ake siminti da shi, ruwa ya yi ta cinsa ta ƙasa har saman ya rufta. Ana sauka zafi na raguwa, sanyi na tasowa kamar kin leƙa randa. Bangon duk ganye, ruwa na ɗiga, matakala da santsi. Masu babbar riga da takalmin fata sai ga su suna bin ƙarfe da hannu biyu. Gwiwata ta yi ciwo, ba zan ɓoye ba. Wata tsohuwa 'yar China, ta girme ni nesa, ta miƙo min sandar gorarta, na ce “shiye-shiye,” godiyarsu ke nan, ta wuce ni fit kamar akuya.

A ƙasa furanni ne da kujerun dutse da ƙorama mai jajayen kifaye. Tsofaffi na motsa jiki a hankali, iyaye na kurɓar shayi, sama ta koma 'yar kewaye kamar faifai. Na tuna kududdufin unguwarmu da muka mayar juji, raina ya ɓaci. Na zauna na more wurin duk da haka, ban bar wa kowa ya more min ba.

Ashe hanyar ba ta komawa baya. Ta cikin kogo ake bi a ɓulla bayan dutse, kuma can direba ya kai bas yana jira. Aka ce ya zagaya a ɗauko kula, ya girgiza kai ya ce “meyo,” wato babu. Da dafaffiyar masara da gasasshen dankali muka yi kalaci a tsaye.

A mota Alhaji ya ce taurin kaina ne ya raba mutane da miyar kaji.

Na ce, “Da na zauna, da ni da kular za ku bari a gindin bishiya. Kaji kuka tuna, ni wa zai tuna da ni?”

Ya ce, “To gobe ki nemi mai kai miki kaya kago.” Ni kuwa ban taɓa taka wurin ba, kullum shi ke shiga. Ban nuna na damu ba.

Mun iso Dengfeng da magariba, ƙafata kamar ba tawa ba. Abin da tafiyar ta koya min ɗaya ne: mai zama a bakin ƙofa ba a dawowa ta kanta, kuma ba mugunta ba ce, mantawa ake yi.

Da gari ya waye na shafa man zafi a gwiwa, na kira mota, aka loda dilolina muka nufi Baiyun, unguwar masu kago. Na tura ƙofar ofishin kago da kaina, na ja kujera gaban laban, mai wurin ke nan, na ce a kawo sikeli.