Ƙwaya a Cikin Kunun Jego

Shekarar da ake ta maganar Turawa za su tafi na haifi ɗana na biyu, a gidan mijina da ke Ƙofar Taramniya. Maigidan fataucin shanu yake yi, yana bin masu kora a ƙasa har Kurmi. Daga wata tafiya ya komo da wasu 'yan ƙwayoyi farare cikin gwangwanin sigari. Ya ce a kantin magani ya saya, mutum ya haɗiyi ɗaya sai ya wuni yana tafiya, ba gajiya ba yunwa.

Ni ban yi karatu ba, amma ina da ido. Tuwonsa yana komowa yadda na kai shi. Yana cizon haƙora, yana zuba surutu, mutumin da a da sai an roƙe shi magana. In ƙwayar ta sake shi ya kwanta kamar gawa, ya tashi da faɗa.

Na gaya wa uwarsa, wadda muke ce wa Inna. Ta harare ni.

"Ke yarinya, mi kike nuhi? Kin taɓa jin warin giya gare shi? Wanga magani cikin takardar Turawa yaz zo. Abin da anka sai da kanti bai bugarwa."

Haka duk unguwa ta ɗauka. Maye sai giya, sai zaƙami.

Inna ce ke dama mini kunun kanwa bayan wankan jego. Wata safiya na ji ɗaci a ciki wanda ba na kanwa ba. Kafin hantsi zuciyata na bugawa, hannuna na rawa. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na wanke har abin da ba shi da dauɗa.

"Kun gani ko?" in ji Inna ga maƙwabta, tana dariya. "Jiya tana kwance kamar tsumma!"

Yaron ya sha nono, bai runtsa ba. Idanu a buɗe tar, 'yan hannuwa a dunƙule suna karkarwa, kuka har murya ta dushe. Inna ta ce bakin mutane ne, ta ɗaura masa laya, ta turara ɗaki.

Washegari na laɓe bayan asabari. Ina kallo ta kwance bakin zanenta, ta ciro rabin ƙwaya, ta murƙushe da gindin ludayi, ta kaɗa a kunu. Fuskarta ba alamar mugunta. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ta miƙo mini ƙwarya.

"Inna, ki gafarce ni. Ba ni sha."

"Au! Guba ni ka ba ki? Don ki samu ƙarhin goyo na roƙo miki ita wurin mijinki!"

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan. Na aika aka kira gwaggona, na goya yaron, na ƙarasa jego a gidanmu, Ƙofar Kware. Da nonon ya wanke yaron ya koma barcinsa, ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Bayan arba'in na komo na tarar maigida ya rame, yana cewa abokan fatauci na bin sa da wuƙa. Inna ta ce sammu aka yi masa. Tana ta karɓo rubutu, shi kuma yana kora ƙwayarsa da shi.

Ta daina amsa gaisuwata har aka yaye yaron. Na jure. Kununa ni nake damawa, ƙwaryar tana tsakanin ƙafafuna har in shanye.