Datti Buɗe-Baki

Duk mai noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san Datti, wanda bai san sunansa ba ya san wawulonsa. Haƙoransa na gaba babu su, kuma ba tsufa ne ya ci su ba.

A bakin kanal ya tashi. Tun yana ƙarami yake faɗawa ruwa, har mahaifiyarsa ta gaji da dukansa ta sallama. Da ya girma sai abin ya zama sana'a. In kwalbatin da ke ratsa ƙarƙashin titi ya toshe da ciyawar kachala da buhuna da mushen akuya, shinkafar mutane ta fara ƙonewa, shi ake nema. Yakan ari injin iska na mai faci, ya jona dogon tiyo, ya cije bakin tiyon da haƙora, ya nutse. Tare suke shiga da Mudassiru, mutum mai barkwanci wanda kuncinsa ba ya rabuwa da goro.

Ranar da abin ya faru, Mudassiru ya nutse da ɓarin goro a baki, kamar kullum. Mai injin ya ƙara wuta, iska ta zo da ƙarfi, ta cusa goron cikin maƙogwaronsa. A ƙasan ruwa ya haukace. Ya shuri Datti a ciki, ya damƙi wuyansa, ya yakushe masa fuska. Da kokawa Datti ya fito da shi.

A gaɓa Mudassiru ya durƙusa, hannu biyu a wuya, idanu sun firfito, leɓɓa sun yi baƙi ƙirin.

"Ruwa ya sha! A kawo turmi a kifa shi a kai!" in ji wani dattijo.

"Ba ruwa ba ne, Baba," in ji Datti. "Wanda ya sha ruwa tari yake. Wannan ko nishi ba ya fita."

Ya taɓa ganin wata ma'aikaciyar asibiti ta ceci yaron da ƙwallon dabino ya shaƙe. Sai ya sunkuyar da Mudassiru, ya dinga ɗirka masa duka a tsakiyar kafaɗu. Shiru. Ya rungume shi ta baya, ya dunƙule hannu a saman cibiya, ya fizga sama har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

A haka Suhaibu, ƙanin Mudassiru, ya iso da gudu daga gona, shebur a hannu. Abin da idonsa ya gani shi ne ƙato ya maƙure yayansa yana nausa, mutane na kallo.

"Kashe min yaya za ka yi, ɗan iska?"

Ya sauke ƙotar shebur a gadon bayan Datti. Ya ƙara. Datti ya juyo da fuska zai ce masa tsaya, ƙotar ta same shi a baki. Jini ya wanke kafaɗar Mudassiru. Datti bai sake shi ba. Ya tofar da haƙora, ya sake fizga, ya sake.

Goron ya yi tsalle ya faɗa cikin taɓo. Mudassiru ya ja numfashi mai ƙara kamar ana yanka sa, ya yi ta tari yana amai. Da ya samu murya sai ya nuna ƙasa.

"Kar a taka, daushe ne."

Ba wanda ya yi dariya sai Datti, baki duk jini.

Daga baya Suhaibu ya zo gidan Datti ya zube yana kuka, Datti ya ce ya yafe, ai ɗan'uwansa yake karewa. Amma da bakin ya warke ya koma ruwa, tiyo ya ƙi zama a bakinsa. Ya naɗe shi da tsumma, iska ta fizge. Ya gwada cijewa da turamen haƙora, ya kusa shaƙewa. Nutso ya ƙare masa.

Yanzu a gindin injin yake zama, shi ke riƙe da wuta. Suhaibu ne ke shiga tare da yayansa. Ba mai taɓa tiyo sai ya tsaya a gaban Datti.

"Buɗe baki."

"Haba Yaya Datti, jiya ma ka duba," in ji Suhaibu.

"Jiya daban. Ɗaga harshe. Kai kuma Mudassiru, tofar da na kuncin hagu, ina ganinsa."